Ruwan Rinin Yayanmu

Duk wanda ya taso a lungunmu na Kabara ya san launin da ake yayi ba sai ya je Kantin Kwari ba. Kwata kawai zai leƙa. In ya ga ruwan ya fito ruwan hoda, to bikin wata ne ya matso, an fitar da anko. In ya ga ruwan toka ko sararin samaniya, Sallah ce ta ƙarato, samari sun kawo shaddojinsu. Muna yara har musu muke yi da safe kafin mu fita makaranta, wannan ya ce yau kore ne, wancan ya ce ja, wanda ya faɗi ya sayi alawar madara.

Ruwan nan daga gidanmu yake fitowa, domin Yayanmu marini ne.

Mu biyu ne masu wannan labari, 'ya'yan wa da ƙani, gida ɗaya muka tashi, rana ɗaya aka kai mu firamare, yanzu kuma muna aji biyu a jami'a muna karanta kimiyyar sinadarai, wato kemistiri. Kuɗin jarrabawarmu ta gama sakandare, da kuɗin rajista, da kuɗin Adaidaita na kullum, duk daga cikin robobin rinin Yaya suke fitowa. Mun faɗi wannan tun da wuri don kada ƙannenmu masu karanta wannan shafi su ɗauka wasu 'yan boko ne suka zo kushe sana'ar mutane. Da ita muke ci, da ita muke karatu.

Rinin Yaya ba irin na karofi ba ne, rinin zamani ne. Da asuba zai ɗora rabin duro a murhu, ruwa ya yi zafi, ya zuba a roba, ya kawo galura, ya kawo kostik soda, ya kawo wani farin gari da marina ke kira haidiro, ya gauraya. Wani wari ne zai tashi mai shaƙe maƙogwaro, wanda har baƙi kan tambaya ko ƙwai ne ya lalace a gidan. Sai ya sa safar hannu ta roba har gwiwar hannu, ya tsoma shadda, ya juya ta, ya ɗaga, ya mayar. Cikin 'yan mintuna an gama. A ɗauraye, a sa sitaci, a shanya, a kai wa 'yan bugu. Abin da ya rage a robar kuwa, ɗan aikinsa ya kifar a bakin rariya. Tun muna goye haka ake yi, kuma ba mu taɓa tambayar inda ruwan yake zuwa ba. Ya fita daga gida, shi ke nan.

Bara, ana saura kwana tara Babbar Sallah, leda ta toshe kwatar lungun. Aiki ya yi wa Yaya yawa, robobi takwas ake kifarwa kafin azahar, sai ruwan ya kwanta a hanya. Wata yarinyar maƙwabtanmu, ba ta fi shekara huɗu ba, ta ga ruwa mai kyan launi ta shiga ba takalmi, ta yi ta wasa. Kafin la'asar ƙafafunta sun yi jawur, washegari fatar tsakanin yatsunta ta saɓule. Kostik soda ba ya ƙuna nan take kamar wuta. Santsi za ka fara ji kamar sabulu, alhali fatarka yake ci.

Mahaifinta bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mana ciwo. Bayan magariba ya yi sallama da Babanmu, ya ce, "Alhaji, shekara talatin muna tare ban taɓa kawo maka ƙara ba. Yau ga ta na kawo." Maganar ta kai gaban mai unguwa. Aka yanke cewa bayan Sallah da wata biyu, ko dai a san yadda aka yi da ruwan, ko Yaya ya ɗauke sana'arsa daga lungun. Ɗauke ta kuwa yana nufin kama haya a wajen gari, da barin kwastomomin da suka saba turo yara da kaya, kuma a lissafin da muka ji yana yi wa Baba, zangon karatunmu na gaba yana cikin abin da zai tafi.

A daidai wannan lokaci ne wani malaminmu ya shigo aji da darasin rini. Yawancin 'yan ajin hamma suke yi. Mu kuwa ko ƙiftawa ba ma son yi.

Ga abin da muka fahimta, a taƙaice yadda ɗan aji biyar na sakandare zai gane. Auduga masoyiyar ruwa ce, shi ya sa rigar auduga take shan gumi. Saboda haka tun fil azal a cikin ruwa ake rina ta. A manyan masana'antu na duniya, yawancin auduga ana rina ta da wata irin galura da ake kira riyaktif, wadda kamfanin ICI na Ingila ya fara fitarwa a 1956. Ita wannan galura ɗaurewa take yi da zaren auduga, ba kwanciya kawai take yi a kansa ba, don haka ba ta saurin zuba. Amma tana da hali biyu marasa kyau. Na farko, in an sa auduga da galurar a ruwa, dukkansu caji iri ɗaya suke ɗauka, sai su riƙa ture juna kamar yadda kai biyu iri ɗaya na maganaɗisu suke yi. Don a tilasta musu haɗuwa sai an zuba gishiri mai yawa. A launuka masu duhu ana iya kai gram 50 zuwa 100 a kowace lita, alhali ruwan teku kansa gram 35 ne. Na biyu, wani kaso na galurar maimakon ya ɗaure da zare sai ya ɗaure da ruwan kansa, ya lalace, kuma sai an yi ta ɗauraya kafin a raba shi da yadin. In aka haɗa wanki da rini da ɗauraya, kilo ɗaya na yadi yana iya cin ruwa lita 100 ko fiye. Jarka huɗu ke nan ta mai kura, a kan yadin da bai fi na riga da wando ba. Duk ruwan nan kuma da gishirinsa da launinsa yake fita.

Sai malam ya yi tambayar da ta tsaya mana a rai. Ya ce tunda ruwa ne yake jawo buƙatar gishiri, kuma shi ne yake lalata galura, me zai hana a rage shi, a nemo wani abu ya ɗauki galurar ya kai ta jikin zare? Irin wannan abu shi 'yan kimiyya ke kira solbent, wato duk wani abu mai ruwa-ruwa da ake narkar da wani abu a cikinsa. Ruwa solbent ne. Sifirit na asibiti solbent ne. Man gyaɗa ma haka.

Ya kawo misalai. A ƙasar Holan an kafa kamfanin DyeCoo a 2008 don yin rini da iskar kabon-dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In aka matse wannan iska da ƙarfin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kusan sau 74, aka ɗumama ta ta haura digiri 31, sai ta zama wani abu tsakanin iska da ruwa, ta narkar da galura ta shige da ita cikin yadi. In an gama a sassauta matsin, ta koma iska, a tara ta a sake amfani da ita. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya, yadin ma a bushe yake fitowa. Matsalar ita ce yadin roba, wato foliyesta, shi ya fi karɓar wannan hanya. Auduga, saboda ƙaunarta da ruwa, tana ba ta wahala.

Don haka masu bincike a kan auduga suka bi wata dabara. A narkar da galura a ɗan ruwa kaɗan, a watsa wannan ɗan ruwan a cikin wani abu da ba ya haɗuwa da ruwa, ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani. In aka sa auduga a ciki, ɗigon nan ba su da wurin da suke so sai jikinta, sai su ruga can da galurarsu. Ba a buƙatar gishiri, kuma galurar da take lalacewa ta ragu ƙwarai. A Hong Kong an gwada wannan da heften, wani ɗan uwan fetur. A Sin an yi aiki sosai da wani man silikon da ake kira D5. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na Jami'ar Nebraska ta Amurka, inda aka gwada da man girki, har da wanda aka riga aka yi suya da shi.

Muka kalli juna. Innarmu ƙosai take soyawa a ƙofar gida.

Abin da muka yi daga nan, muna roƙon kada wani ya maimaita shi. Mun taɓa karanta labarin William Perkin, ɗan Ingila da ya gano galurar sinadari ta farko a 1856 yana ɗan shekara 18, a ɗakin gwajinsa na gida, lokacin hutun makaranta, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya samu launin shunayya. Muka ce in ɗan shekara 18 ya yi, mu da muka kai 20 me zai hana? Ranar Asabar muka roƙi Inna tsohon mai rabin galan, muka ɗebi galurar Yaya ba da saninsa ba, muka ɗauko farar singiletin ƙanenmu, muka kaɗa da maburgin miya har hannu ya gaji.

Singiletin ta fito da ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, tana warin ƙosai. Sai da muka yi mata wanki biyar da garin sabulu kafin maiƙon ya ragu, wato mun zubar da ruwan datti fiye da wanda Yaya zai zubar a kan shadda yadi goma. Daga baya muka gane kuskurenmu na farko: galurar Yaya ba riyaktif ba ce, irin wadda ba ta narkewa ce sai an sa mata soda da haidiro. Ko tambayar wace iri ce ba mu yi ba. Ƙanenmu ya yi kuka, Inna ta ce mu biya ta manta, Kaka kuwa da ta leƙo ta ga singiletin a kan igiya cewa ta yi, "A rina, an saci zanin mahaukaciya."

Yaya bai yi faɗa ba. Ya saurari bayaninmu na Holan da Amurka har ƙarshe, yana goge hannuwansa da suka riga suka rine har ƙarƙashin farce. Sannan ya nuna bokitin man da muka ɓata da ƙafarsa, ya ce, "To malamai, na ji. Wannan ɗin kuma ina za ku zuba shi?"

Muka yi shiru. Kwata muka yi niyyar kai shi.

Tambayar nan ta Yaya ta fi duk abin da muka rubuta a littafin darasi, domin da muka koma muka sake karanta bayanan da idon basira, sai muka ga ita ce ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan solbent da yake da kirki don kansa. Abin da ya sa ake kiran hanyar mai kare muhalli shi ne ba a zubar da shi. Cikin rufaffen inji yake zagayawa, a tace shi, a dawo da shi, a sake rini da shi sau da yawa. In ka cire injin tacewa da dawowa, abin da ya rage guba ne a cikin bokiti. An ma taɓa bin wannan hanya a shekarun 1970 da sinadarin wankin kaya ba ruwa mai suna fakuloroetilin, aka ja da baya saboda illarsa ga lafiya. Shi kansa D5 da ake yabo, Tarayyar Turai ta taƙaita sa shi a kayan kwalliyar da ake wankewa tun 2020, saboda yana daɗewa a muhalli bai narke ba. Heften kuwa kama wuta yake kamar fetur. Ku ƙiyasta duro guda nasa a lungu irin namu, inda kowane gida da kurfoti, ga yara, ga hanyar da ko Adaidaita ba ya shiga, balle motar kashe gobara. Saboda haka duk ɗalibin da ya karanta wannan ya ji sha'awar gwada rini da fetur, ko kalanzir, ko tina ta masu fenti, don Allah ya bari. Ba a yin wannan gwaji sai a ɗakin bincike, gaban malami.

Kwanaki suna ta tafiya, wa'adin mai unguwa yana matsowa, mu kuwa abin da muka samar shi ne singileti mai warin ƙosai. Kaka ce ta ce mana, tunda rini muke son sani, mu daina neman sa a waya, mu je inda aka haife shi. Mahaifinta a Karofin Zage ya yi aiki har ya tsufa, amma ta ce mu je Ƙofar Mata, can ne za mu tarar da masu yi har yanzu.

Abin kunya ne mu faɗa, amma daga Kabara zuwa marinar Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Ka bi ta gaban gidan Sarki, ka wuce babban masallaci, ka gangara ta Asibitin Murtala, ka iso. Turawa daga wata duniya suke zuwa su ɗauki hoto, mu kuwa sau ɗari muka wuce ta wurin ba mu taɓa shiga ba. A allon ƙofar an rubuta 1498. Ciki kuwa rijiyoyi ne a jere fiye da ɗari, amma kaɗan ne ke da ruwa. Sauran sun bushe, wasu an cika su da shara.

Wani dattijo muka tarar a tsugune a bakin rijiyarsa, muka durƙusa muka gaishe shi. Da muka ce mu ɗaliban kimiyya ne, ya yi murmushi, ya ce, "Samari, ku zauna, amma ba ni da allo." Ya nuna mana kayan haɗinsa: baba, toka, kanwa, ruwa. Ya ce in an haɗa sai a bar rijiya ta yi kwanaki tana nuna, ana motsa ta da muciya, har kumfa ta taso, warinta ya canja. Da hanci da ido yake gane ta nuna. Ya tsoma wani farin ƙyalle, ya ɗan jima, ya ɗago shi. Kore-kore ya fito, mai ɗan rawaya. Muna kallo, iska tana bugunsa, ya juye shuɗi a hannunsa. Ya mayar, ya sake ɗagowa. Ya ce yawan tsomawa shi ne duhun launi, mai son baƙi ƙirin sai ya yi haƙuri.

Nan muka ga darasinmu na aji a fili. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke rayuwa a cikin rijiyar, su ne suke juya shi ya zama mai narkewa, toka da kanwa kuma suna ba su irin ruwan da aikin yake buƙata. In yadi ya sha ya fito, iska ta mayar da shunin yadda yake tun farko, ya maƙale a cikin zare. Aikin da waɗannan halittu suke yi cikin kwanaki, shi haidiro yake yi wa Yaya cikin mintuna, kuma aikin toka da kanwa shi kostik soda yake yi da ƙarfin tsiya. Kimiyyar ɗaya ce. Sauri ne ya bambanta, sai kuma abin da ake bari a baya.

Sai ɗayanmu ya yi masa tambayar Yaya. Ya ce, "Baba, in kun gama rini da yamma, ina kuke zubar da ruwan?"

Dattijon ya dube mu kamar mun tambaye shi inda yake zubar da jarinsa. Ya ce ba a zubarwa. Ruwa ɗaya watanni yake yi ana rini da shi, in ya yi rauni a ƙara masa abinci. Sai ya mutu gaba ɗaya ake kwashe rijiya. Ko a nan ma, laka da ta kwanta a ƙasa, wadda suke kira katsi, ba a yar da ita. A cura ta, a shanya, a ƙona, ta koma cikin sabon haɗi. Da ita kuma ake yin laso, a haɗa da gashin dabba da dafara, a shafe bangon rijiyar don kada ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. Magina ma da laso suke shafe soraye kafin zuwan siminti.

Wato abin da injiniyoyin Holan suke kashe miliyoyi don su samu, a rufe da'ira kada komai ya fita, shi wannan tsoho yake yi da muciya da rami. Da irin waɗannan ramuka Kano ta tufatar da rabin Sahara. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen yadin Kano yana kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Tambutu kuwa ba baƙuwarmu ba ce, domin sunan unguwarmu daga Kabara ta bakin kogin Kwara ya samo asali, wadda ita ce mashigar jiragen ruwan Tambutu. Har yau Buzaye suna naɗa rawanin da aka rina a ƙasar Kura, wanda shuninsa yake kama fatarsu.

Amma ba za mu yi muku ƙarya ba, mun fito daga Ƙofar Mata mun san cewa Yaya ba zai koma karofi ba. Baba shuɗi kawai yake bayarwa, daga mai haske zuwa mai duhu. Amaryar da ta fitar da anko ruwan hoda ba za ta saurari tarihin 1498 ba, kuma saurayin da ya kawo shadda ana jibi Sallah ba zai jira rijiya ta nuna ba. Tun 1897, da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin sinadari, kasuwar baba take ja da baya a duk duniya, ba a Kano kaɗai ba. Masu cewa a koma na gargajiya kawai, a ganinmu, ba su taɓa biyan kuɗin makarantar kowa da rini ba. Busassun rijiyoyin nan ba lalaci ne ya busar da su ba.

Abin da muka ɗauko daga wurin dattijon abu biyu ne: kada a kifar da ruwa don an tsame yadi, sannan iska tana mayar da galura gari. Na biyun ya shafi Yaya kai tsaye, tunda galurarsa dangin shuni ce a ɗabi'a. In ta sha iska sosai sai ta daina narkewa, ta kwanta.

Muka samo tsofaffin duro uku na roba. Yanzu duk ruwan da aka gama da shi a na farko ake juye shi, ɗan aikin Yaya ya yi ta dukansa da sanda yana ɗagawa yana zubawa, kamar mai fifita koko, sannan a bar shi ya kwana. Da safe laka ta kwanta, na saman ya yi haske. A tsiyaye shi a hankali ta cikin duro na biyu, wanda muka jera wa tsakuwa da yashi da dakakken gawayi, ya sauka a na uku. Wani ɓangare na wannan ruwan da shi ake ɗaurayar farko ta kaya masu duhu. Yaya da kansa ya ƙara wata dabara da ba ta zo mana ba: ya daina rini yadda kaya suka zo, ya koma tara launuka masu dangantaka, ya fara da mai haske, ya ƙara galura a ruwa ɗaya ya yi mai duhu. Robobi takwas sun koma biyar. Ya ce ko don kuɗin soda da na mai kura da ya ragu, da ya san haka da tuni ya fara. Mun kuma haɗa kuɗi da matasan lungun an yashe kwatar, an rufe daidai ƙofar gidajen da ke da ƙananan yara.

Mai unguwa ya zo ya duba, ya leƙa duro na uku, ya ce a ci gaba. Mahaifin yarinyar ya dawo gaisawa da Baba kamar da. Ƙafarta ta warke, saura ɗan tabo.

Sai dai mu da muka karanta kemistiri mun san ido ba shi ne alƙali ba. Mun sayo takardar gwaji ta litmos, irin wadda kuke gani a ɗakin gwajin makarantarku, muka tsoma ja a ruwan duro na uku. Nan take ta koma shuɗiya. Launi ya tafi, amma sodar tana nan. Yashi da gawayi ba sa kama ta. Ruwan da yake fita daga gidanmu yanzu ya ragu, ya fi na da haske, kuma ba ya kwanciya a hanya, amma ba ruwan kirki ba ne. Yawancin magudanan cikin birni kuma Jakara suke faɗawa, ita kuma ta ɗauka ta nufi dam ɗin Wasai, ga masu noman rani a gefenta suna ban ruwan latas da kabeji da alayyahon da ake kawowa kasuwa. Da muna yara muna tsammanin ruwan yana ƙarewa ne a bakin lungu. Kuma Yaya mutum ɗaya ne cikin marina masu yawa a birnin nan, ba a ma zo maganar masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ba.

Ga kuma lakar. Dattijon Ƙofar Mata ya san abin da ke cikin katsinsa, tunda shi ya zuba kome da hannunsa. Galurar Yaya a ƙulle take zuwa cikin farar leda, ba suna, ba takarda, sai dai mai shago ya ce wannan ja ce, wannan ruwan goro. Ba ma yarda a ƙona lakarta, ba ma yarda a kai ta bola inda awaki suke kiwo. Busar da ita muke yi, mu zuba a tsofaffin bokitan fenti, mu rufe. Mun nuna wa malaminmu samfur a kwalba, ya ce in mun kai aji huɗu za mu iya ɗaukar ta a matsayin aikin bincikenmu na kammalawa, mu gano me ke ciki, mu kuma gwada hanyar kashe kaifin sodar da abin da marini zai iya saya. Aji huɗu saura shekara biyu. Bokitai kuwa yau guda bakwai ne a bayan ɗakin Kaka, kuma jiya ta aiko a faɗa mana wurin na shanyar kuɓewarta ne.